Mutum Huɗu da Suka Ɗauko Tijjani

A Tambuwal in ka nemi gidan Malam Aminullahi Na'iya, sai an ɗan yi tunani kafin a gane wanda kake nufi. Amma ka ce Malam Ostareliya, kowane mai kabu-kabu zai sauke ka har ƙofar zauren, can bayan tashar motocin Sakkwato. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan tun yana sabon malami, sunan kuma ya bi shi har furfura. Bai taɓa taka ƙasar ba. Tafiyarsa mafi nisa Zariya ce, inda ya yi kwas na wata tara.

Sunan daga mahaifinsa ya samo asali. Na'iya manomi ne a Tungar Gamji, wani ƙaramin ƙauye mai tafiyar rabin wuni a ƙafa daga Kebbe. A shekarar 1942 aka aiko wa mai gari cewa Sarkin Ingila yana neman maza, a ba da mutum biyu. Ba a tambayi wanda yake so ba. Aka nuna Na'iya, aka nuna wani tsaransa mai suna Isah, aka tasa ƙeyarsu zuwa Sakkwato. Daga nan Kaduna, daga nan Ikko, sai jirgin ruwa, sai Indiya, sai dajin Burma, wadda tsofaffin wajen suke kira Boma. Ba a ba su bindiga ba. Adda aka ba su da gammo, aikinsu dakon kayan sojoji a ka, suna sare hanya a cikin gora.

A dajin nan babu hanyar mota, don haka abinci daga sama ake jefo shi. Wata rana ɗaya daga cikin jiragen da ke jefo abincin ya faɗo bayan wani tsauni. Aka tura 'yan dako huɗu su duba, tare da wani kofur ɗan Zariya wanda ya ɗan yi elementare, yana jin Turanci. Na'iya da Isah suna cikin huɗun. Suka tarar da mutum ɗaya da sauran numfashi, wani dogon Bature mai jan gashi, cinyarsa a karye. Kafin su juyo, Japanawa sun yanke hanyar da suka bi, rundunarsu kuma ta ja da baya. Suka sare gora suka ɗaura makara, suka saɓa shi a kafaɗa, suka yi kwana tara suna zagaye kafin su riski mutanensu.

Sunan Baturen Tierney. Bakinsu bai iya ba, sai suka mai da shi Tijjani, shi kuma yana amsawa. In zazzaɓi ya sake shi sai ya yi ta magana, kofur yana fassara abin da ya kama. Ya ce musu shi ba mutumin Ingila ba ne, daga Ostareliya yake, asalin gidansu kuma wani tsibiri ne da ake kira Ayaland, wanda Ingila ta mallake tun shekaru ɗaruruwa. Ya ce an yi yunwa a can har mutane suna faɗuwa a bakin hanya, kakan ubansa ya yanka tunkiyar mai gona don 'ya'yan gidansu su ci, aka kama shi, aka sa masa sarƙa, aka loda shi a jirgin ruwa zuwa ƙarshen duniya. A kwana na shida, in ji Na'iya, atuni ya kashe Isah. Suka rufe shi a gindin wata itaciya, kofur ya karɓi kusurwarsa ta makara, suka ci gaba. Da suka isa, kafin a ɗauke Baturen, ya sa aka miƙo masa littafin sojan Na'iya, ya rubuta sunansa da garinsu a bangon baya.

Na'iya ya dawo gida da tari wanda bai taɓa barinsa ba, da lambobin yabo biyu a cikin gwangwanin taba. Ya koma gonarsa. Ba mutum ne mai yawan magana ba, amma wannan labarin yana ba da shi, yawanci bayan la'asar in yana tufkar igiya a zaure. Aminullahi, wanda aka haifa shekara goma sha biyu bayan dawowar, ya ji shi ya fi a ƙirga. Kullum a wuri ɗaya tsohon yake ajiye igiyar ya dube shi.

"Aminu, wanga mutum ba irin Turawan da kas sani na ba. Su ma an ci ƙasassu tun kamin a ci tamu. Da sarƙa anka kai kakan ubanai. Shi da mu duk yaƙin wani muka yi."

Yaron ya riƙe maganar. Da aka zo ɗaukar yara makarantar boko a Kebbe, sauran iyaye suna ɓoye nasu a rumbu, Na'iya da kansa ya kai nasa, ya ce wanda ya ga abin da kofur ya yi da ɗan Turancinsa ba zai hana ɗansa karatu ba. Aminullahi ya wuce kwalejin horon malamai a Sakkwato. Ran da ya fara shiga ɗakin karatu, taswirar duniya ya nema. Ya sami Ayaland, 'yar ƙarama a gefen Ingila, ya ja yatsa ya bi teku har Ostareliya, daga nan ya hau zuwa Burma, ya juyo ya nemi Sakkwato. Kebbe ba ta cikin taswirar. Tarihi ya zaɓa, aka turo shi makarantar sakandare a Tambuwal, ya auri Rauda 'yar Jabo, ya zauna.

Shekara talatin da biyar yana koyarwa. Ya iya daulolin ƙasar Hausa, ya iya jihadi, ya iya zuwan Turawa, amma kowace shekara, a zango na biyu, sai ya ware mako guda ya koyar da abin da babu shi a manhaja. Ya zana tsibirin a allo, ya ba da labarin dankalin da ya ruɓe a ƙasa da jiragen da suka kwashi fursunoni, ya ƙare da makarar gora. Abin da yake so yara su tafi da shi ɗaya ne: wanda aka zalunta yana gane ɗan'uwansa ko da fatarsu ba iri ɗaya ba ce. Wani sufeto ya taɓa tarar da shi a tsakiyar wannan darasi, ya rubuta masa takardar gargaɗi. Ya karɓa ya sa a aljihu, shekara ta zagayo ya sake yi. Har lokacin da aka daina ba tarihi muhimmanci aka mai da shi koyar da zamantakewa, bai fasa ba.

Na'iya ya rasu a damina ta 1983. Littafin sojan ya dawo hannun Aminullahi. Sau uku yana rubuta wasiƙa zuwa garin da ke bangon baya. Biyu ba a ji ɗuriyarsu ba, ta ukun ta dawo bayan wata bakwai da hatimin cewa ba a san mai sunan ba. Ya haƙura, ko kuma ya ce ya haƙura.

Ya yi ritaya idonsa na hagu ya riga ya yi hazo, na daman ma ya fara. Aka ce masa hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Yaransa sun watsu, ɗaya a Birnin Kebbi, biyu a Sakkwato. Zamansa ya koma tsakanin masallaci da bencin ƙofar gida, sai ranar kasuwa ya je ya sayi maganin ɗiga. A bencin nan abokinsa Bashar yake tarar da shi. Bashar daɗaɗɗen akawu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, sun yi kwaleji tare, kuma shi ya koyi kwamfuta da tsufansa don kada a raba shi da kujerarsa. Wata ranar Talata a shekarar 2017 ya zo da takarda ɗaya da ya buga a ofis, ya zauna, sai da ya sha ruwa sannan ya miƙa masa ita.

"Malam, in ji dai wanga Tijjanin naka na?"

Hoton wani tsoho ne a kan keken guragu, da lambobi a ƙirji. Wata mata mai suna Noreen ce ta sa shi a wani shafi da mutanen Ostareliya masu asalin Ayaland suke tattara tarihin gidajensu. Mahaifinta ne, ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Garin da ta ambata shi ne na bangon littafin. Aminullahi ya kai takardar dab da idonsa na dama ya daɗe yana dubawa. Ya ce shi bai taɓa ganin mutumin ba balle ya gane shi.

Suka rubuta mata, shi yana faɗa Bashar yana bugawa, suka haɗa da hoton bangon littafin. Kwana biyu ta amsa. Ta ce rubutun mahaifinta ne, ta san yadda yake lanƙwasa harafin farko, ta ce ta yi kuka. Ita ma tsohuwar malama ce. Ta shafe shekara shida tana rubuta tarihin gidansu don jikoki, bai kai ga bugawa ba tukuna, amma za ta aiko masa ya gani. Bashar ya bugo shi a shagon kwafi na bakin kasuwa, shafi ɗari da arba'in, aka ɗinke da zare.

Mako uku ya yi yana karantawa da gilashin ƙara girman rubutu, da hantsi kawai, lokacin da haske ya fi ƙarfi. Kashin farko duk abin da mahaifinsa ya faɗa yana nan. Ga sunan ƙauyen, ga tunkiyar, ga hukuncin shekara bakwai, ga sunan jirgin da yawan waɗanda aka jefa a teku kafin a isa. Matar mutumin da 'yarsa sun mutu a gida bai sani ba sai bayan shekara huɗu. Aminullahi ya kira Rauda daga madafa ya fassara mata shafin, ya ce shekara talatin da biyar ba ƙarya yake gaya wa 'ya'yan mutane ba.

Kashi na biyu ne bai kira kowa ba. Bayan fursunan ya gama wa'adinsa, ya yi arewa, ya sake aure, ya sami fili a bakin wani kogi ya zuba tumaki. Filin kuwa da masu shi, baƙaƙen mutanen da suke ƙasar tun kafin wani jirgi ya je. Noreen ba ta ɓoye ba. Ta rubuta cewa da aka soke masa tumaki, yana cikin mahayan da suka bi sawun mutanen har zangonsu da asuba. Ta nemi yawan waɗanda aka kashe ba ta samu ba, don ba wanda ya ƙirga. Ta ce a gidansu an san adadin tumakin, goma sha tara ne. Aminullahi ya karanta shafin sau biyu. Mutumin da aka sa wa sarƙa don tunkiya ɗaya. Ya rufe takardun ya sa a ƙarƙashin tabarma, kwana huɗu bai taɓa su ba.

Da ya koma, ya bi gidan cikin yaƙe-yaƙen Ingila. A yaƙin duniya na farko mahaifin Tijjani ya ƙi zuwa, ya ce ba zai mutu don sarkin da ya kori kakansa ba, ya shiga cikin masu yawon hana a tilasta wa mutane aikin soja. Ƙanensa kuwa ya tafi da kansa, aka kashe shi a gaɓar ƙasar Turkiyya yana da shekara goma sha tara. Uwarsu ta mutu ba ta yafe wa kowannensu ba. Sai yaƙi na biyu, sai Tijjani ya shiga aikin jirgin sama ba da son ubansa ba, sai Burma. Aminullahi ya gyara zama. Noreen ta kwafo abin da mahaifinta ya rubuta da hannunsa yana asibiti a Indiya. Shafi biyu ne a kan yadda injin ya mutu da sunayen abokan aikinsa uku da suka ƙone. Kwana taran kuwa layi biyu ne: baƙaƙen 'yan dako ne suka fito da ni, yara masu kirki, ɗayansu ya mutu a hanya.

Ya juya shafin ya duba bayansa. Babi na gaba a kan auren Tijjani ne.

Rauda ta lura ya rage cin abinci. Da ya gaya mata dalili, ta ce masa mutum da karaya da zazzaɓi, me yake so ya rubuta, ai har ya ce masu kirki. Ya ce sunan abokansa uku bai ɓace masa ba duk da zazzaɓin. Ta ce su ya daɗe da su. Ya ce kafaɗar waɗannan ya kwana tara a kai. Ta ɗauki kwanon ta fita.

Noreen ita ma abin ya dame ta. Ta rubuto ta ce tana jin kunyar layin nan biyu, tana so ta gyara kafin a buga littafin, ya aiko mata da sunayen mutum huɗun da garuruwansu. Bashar ya karanta masa, ya ɗora yatsu a kan kwamfuta yana jira. Aminullahi ya ce Na'iya, Tungar Gamji. Ya ce Isah, Tungar Gamji. A nan ya tsaya. Fiye da shekara hamsin yana jin labarin yana ba da shi, ya san launin gashin Baturen, ya san sunan jirgin da ya kai kakan ubansa, bai taɓa tambayar sunan sauran mutum biyun ba. Mahaifinsa bai faɗa ba, shi kuma bai nema ba.

Ya ce sai ya je Kebbe. Rauda ta hana, ta ce hanyar ba lafiya, Tungar Gamji ma babu kowa a ciki tun da 'yan bindiga suka kore shanun garin suka ƙone rumbuna. Ya sani. Rabonsa da kabarin mahaifinsa shekara uku. Amma mutanen ƙauyen suna zube a gefen Kebbe, kuma an ce akwai wata tsohuwa a cikinsu, Ummu, ƙanwar Isah. Ranar Asabar ya hau bayan babur da sassafe, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, suka yi ta faɗawa ramuka har azahar ta kusa.

Ya same ta a wata rumfar kara a bayan gidan wani mai sayar da hatsi, tana tsince wake a faifai. Ta kusa tamanin. Shekararta huɗu lokacin da aka tafi da wanta, ta ce ba ta tuna fuskarsa, sai dai wata rana da ya ɗora ta a kan jaki. Aminullahi ya durƙusa ya gaishe ta, ya kira ta Inna, ya faɗi ko shi ɗan wane ne. Ta ajiye faifan.

"Ɗan Na'iya. Zamna."

Ya gaya mata abin da ya kawo shi, da littafin da za a buga a wata ƙasa mai nisa, da sunan Isah da zai shiga ciki. Ta saurara har ya gama. Ta ce ɗaya daga cikin biyun ta san shi, Ɗanmaliki, mutumin wani ƙauye ne a hayin fadama, ya daɗe da rasuwa. Na huɗun ba ɗan wajen nan ba ne, ba ta taɓa jin sunansa ba. Sai ta tambaye shi yadda ubansa ya ce Isah ya ƙare. Ya faɗa mata, atuni, kwana na shida, gindin itaciya.

"Ba su rufe shi ba," in ji ta. "Da rainai sunka bar shi."

Ta faɗi sauran a hankali, ba tare da ta ɗaga murya ba, kamar abin da ta daɗe da gama kuka a kansa. Ɗanmaliki ne ya zo wurin innarsu, shekara bakwai bayan yaƙi, ya ce ya kasa barci sai ya faɗa. Isah ya kai inda ba ya iya tsayuwa. Mutum uku ne da kofur, makara ɗaya suke iya ɗauka, Japanawa kuma suna bayansu. Kofur ya ce in suka isa babu Bature, ko suka isa da gawarsa, harbe su za a yi. Ba wanda ya yi musu. Suka jingina Isah da itaciya, suka bar masa gorar ruwa da biskit biyu. Yana gani suka saɓa makarar. Ya kira Na'iya da suna, don shi ne ɗan garinsu, ya ce in ya isa gida ya gaya wa innarsa. Na'iya ya amsa masa da to.

"Bai zo ba," in ji Ummu. "Shekara talatin da takwas muna gari guda. Ko gaisuwar innammu bai zo ba."

Aminullahi ya zauna yana kallon waken. A lokacin ne ya tuna hanyar gona. Gonarsu tana gabas da gari, hanya miƙaƙƙiya ta bi ta ƙofar wani gida mai kuka a gaba, amma mahaifinsa kullum ta bayan gari yake zagayawa, ta cikin ƙaya, har da ranar da suke ɗauke da dami. Ya taɓa tambaya yana yaro, aka ce masa ya rufe baki ya yi tafiya. Ya tambayi Ummu ko gidansu ne mai kuka. Ta ce shi ne.

Ya nemi ta yafe wa mahaifinsa. Ta ce ba ita aka yi wa ba, wadda aka yi wa tana ƙasa, wanda ya yi ma yana ƙasa. Ta ce ita ba ta ce Na'iya mugu ba ne, yaro ne aka kai daji aka tsorata shi. Abin da innarsu ta riƙe shi ne rashin zuwan. Ta tambaye shi ko Baturen ya rayu. Ya ce ya rayu har ya haura tamanin, ya bar 'ya'ya da jikoki. Ta gyaɗa kai, ta ce to madalla, ta jawo faifanta.

Ya dawo Tambuwal da daddare, ƙura har gira. Mako biyu bai nemi Bashar ba. Ya yi ta juya abin. Zai iya aika suna uku ya yi shiru, ba wanda zai sani sai tsohuwar da ba ta karatu. Ya kuma yi ta tambayar kansa ko Tijjani ya sani. Ko yana cikin zazzaɓi lokacin, da ya farfaɗo aka ce masa ɗaya ya mutu, ko kuwa idonsa biyu yana kwance a kan makara ya ji kiran. Babu mai ba shi amsa. Ya tuna Noreen ta rubuta maganar kogi da tumaki goma sha tara da hannunta, a kan kakanta, ba wanda ya sa ta. A ƙarshe ya je ofishin Bashar ya ce ya buga, ya faɗi komai yadda Ummu ta faɗa, har da to ɗin da Na'iya ya amsa. Bashar ya tsaya a tsakiya ya ce Malam, ubanka ne fa. Ya ce ya sani, ya ci gaba.

Amsar ta ɗauki wata biyu. Noreen ta ce ta karanta wa 'yan'uwanta, an yi rigima. Wanta ya ce an riga an ɓata kakansu da maganar kogi, ba zai yarda a ƙara cewa an bar wani ya mutu don a ceci ubansu ba, kuma maganar tsohuwa ce da ta ji daga wani. Ta ce ta yi iya ƙoƙarinta, ita ma ba ta da lafiya, ana yi mata gashin ciwon daji a asibiti. Abin da suka amince shi ne sunaye. Bayan shekara ɗaya littafin ya iso ta hannun wani ɗalibinsa da ke aiki a Abuja. Lokacin Aminullahi ba ya ganin rubutu ko da gilashi. Bashar ya karanta masa wurin. Na'iya da Isah na Tungar Gamji, Ɗanmaliki, da wani mutum na huɗu da ba a san sunansa ba. An ce Isah ya rasu a hanya. Aminullahi ya sa hannu ya shafa shafin, ya ce a kai ciki a ajiye. Daga baya suka rubuta wa Noreen sau biyu suna tambayar jikinta, ba a amsa ba.

Tun daga nan ya daina ba da labarin. Tsofaffin ɗalibansa, wasu yanzu manya ne a ma'aikatu, in sun tsaya gaishe shi sukan tsokane shi su ce Malam a ba mu na Tijjani. Sai ya ce ya tsufa, ya manta. Sau ɗaya ya fara wa wani malamin tarihi da aka turo makarantar bayan an dawo da darasin, ya ba shi tun daga tunkiya har zuwa gindin itaciya ba tare da ya rage komai ba. Malamin ya ce labari ne mai kyau amma bai ga inda zai sa shi ba.

Kowace kaka yana aika wa Ummu buhun gero daga gonar da Rauda ta gada a Jabo. Na farko ta mayar. Na biyu ta karɓa, ta aiko da daddawa ƙulli uku. Kafin na uku aka aiko cewa ta rasu. Rauda ta ce ba zai iya hanyar ba da wannan idon, ya ce zai iya, ya sa aka nemo masa mai babur. Zaman makokin bai kai mutum goma ba, yawancinsu 'yan gudun hijira ne daga wasu ƙauyuka, ba su san shi ba. Bayan an yi addu'a, mai gidan hatsin ya matso ya tambaye shi shi wane ne gare ta.

"Ubana da wanta sun yi tafiya tare," ya ce.

Mutumin ya ce Allah Ya jiƙan su duka. Aminullahi ya tambayi ko ana iya shiga Tungar Gamji yanzu, ko da na sa'a ɗaya. Aka ce masa ko masu babur ba sa zuwa. Ya zauna har aka yi la'asar, ya yi salla a gefen rumfar, mai babur ya kama hannunsa ya ɗora shi, suka kamo hanyar Tambuwal.